Goggon da Ta Hana Mu Cewa Wuta

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba mu aron rai, yake kuma karɓar abinsa a lokacin da ya so. Nasa muke, wurinsa za mu koma. Goggo, yayar mahaifinmu, ta rasu a gidanmu na Madabo da hantsin wata Talata, tana zaune a kan dardumarta da carbi a hannu, fuskarta na kallon ƙofar kicin kamar yadda ta saba zama. Ba ta yi jinya mai tsawo ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Kafin azahar soro ya cika, lungu ya cika. Na zauna ina karɓar gaisuwa, sai na lura kusan duk wanda ya buɗe baki zai faɗi alherinta, da murhu yake farawa. Mai gawayin bakin lungunmu ya durƙusa ya yi addu'a, sannan ya ce tun yana saurayi yake kawo gawayi gidan nan, bai taɓa sauke buhu sau ɗaya ya tafi ba, sai ta sa ya ɗaga ya matsar da shi nesa da inda ake hura wuta. Ya ce tun yana jin haushi har ya wayi gari yana yi wa matarsa irin faɗan. Ɗan baffanmu, wanda yanzu furfura ta cinye masa gemu, ya ce ko a gidan mutane ya ga mariƙin kasko ya leƙo waje, sai hannunsa ya juya shi wajen bango kafin ya tuna ba gidansu ba ne. Aka yi 'yar dariya irin ta zaman makoki, wadda ba ta kaiwa ko'ina.

Mai ɗakina tana cikin matan da suka yi mata wanka. Da ta fito ba ta ce komai ba, domin abin da aka gani a wurin wankan mamaci ba a fita da shi. Kowa a unguwa ya san tabon ƙunar da ke wuyan hannun Goggo na dama. Kaɗan ne suka san inda tabon ya tsaya.

Ni kuwa tsoro bai kama ni ba sai da muka dawo daga maƙabarta. Na shiga cikin gida in gaida mata, na tarar an kafa murhu har uku a tsakar gida saboda abincin baƙi. Tukwane na tafasa, mata na kai da kawo cikin dogayen hijabai, yaran 'yan uwa da na maƙwabta na guje-guje a tsakanin itace. Autan ƙanina, wanda bai daɗe da fara rarrafe ba, ya nufi wani murhu kai tsaye, yana dariya ga harshen wutar. Na tsaya ina jiran muryar da ta saba tsinka gidan a irin wannan lokaci. Babu ita. Sai da na taka da kaina na ɗauke shi. Ina riƙe da yaron nan na gane abin da muka baro a ƙarƙashin ƙasa. Gidanmu cike yake da yara, kuma mai gadinsu ta tafi.

Goggo ta dawo gidan nan tun ina yaro, bayan rasuwar mijinta a Jakara. Ba ta zo da ɗa ba. Mu ta samu, mu ta raina, sannan 'ya'yanmu. Sunan mahaifinta aka sa mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Babana take cewa, ko da kuwa tana shirin make ni da mafici.

Kullum da safe, kafin a hura wuta, takan ɗebi tokar jiya a tafin hannu ta ja layi a ƙasa, taku kaɗan daga bakin murhu. Wannan ita ce iyaka. Yaron da bai isa aike ba, ba ya ƙetare ta. In ya ƙetare, mafici ne. Ba ta dukan da zai yi zafi, ƙarar ce mai yawa, amma fuskarta a lokacin ita ke ba mu tsoro, don takan koma kamar ta wata mata da ba mu sani ba. Da aka daina girki a tsakar gida aka gina kicin aka yi masa siminti, mun ɗauka layin ya ƙare. Washegari muka gan shi a bakin ƙofar kicin, fari a kan siminti. Matan gida suka yi ta mita cewa tana ɓata musu shara. Ta ce su share da yamma, gobe ta sake ja.

Jikoki maza tana kiransu maigida. Wani ya taɓa tsayawa a kan layin da ƙafa ɗaya a sama, yana tsokanarta, wai shi ne mai gidan, ina ruwansa da iyaka. Ta ce masa ita ba ta auren mijin da ya soyu, in yana son ta ci gaba da ajiye masa ƙanzo ya mayar da ƙafar nan inda ta fito. Ya mayar.

Ba da baki kaɗai take koyarwa ba. Ranar da 'yata ta fara sa hijabin makarantar Islamiyya, irin mai santsin nan, ta shiga kicin da shi za ta ɗauko cokali. Goggo ta kira ta, ta kira sauran yaran, ta sa aka kawo mata wani tsohon hijabi da ya yage. Ta yanki ƙyalle ta riƙe da muciya a kan gawayi. Kafin a ƙifta ido ya naɗe, ya narke, ya ɗiga baƙi a kan muciyar. Ta bari ya huce ta ba kowa ya gwada ɓamɓarewa. Ba wanda ya iya. Ta ce to haka yake yi a kan fata. Tun daga ranar, ƙusa ce a bakin ƙofar kicin, kowace yarinya a nan take rataye hijabi, ta ɗaure zani tamau, sannan ta shiga.

Duk kwalbar da ta shigo gidan sai ta shinshina. In ta ji kananzir a cikin gorar lemo, ranar ba mai shan ruwa da daɗi. Ashana a saman katanga take kwana. Bokitin yashi yana bayan ƙofar kicin, kuma kyanwar gidan ta sha jifa a kansa. Ta koya wa 'yan mata cewa in mai ya kama a kasko, ruwa abokin gabarsu ne, murfi za su kifa su ja da baya. Har gwadawa take sa su yi da kasko mai sanyi, tana zaune tana cewa ba ki yi sauri ba, sake.

Abin da ta fi tsoro shi ne wutar lantarki in an ɗauke ta. Da zarar fanka ta tsaya, sai ta miƙe da sandarta ta bi ɗaki-ɗaki, tana tambayar wa ya bar hita a bokiti, wa ya bar dutsen guga a jone. Takan ce, in an ɗauke wuta ba tafiya ta yi ba, laɓewa ta yi a cikin bango.

Duk wannan mutanen gida sun jure shi, wasu ma sun gode. Abu ɗaya ne ya jawo rigima, kalma ce guda.

Goggo ta hana yaran gidan cewa wuta in wani abu ya kama. Ta ce ita wuta ta murhu ce, ko ta fitila, ko wadda ake kawowa a ɗauke. Wadda ta fita daga inda aka ajiye ta kuwa, sunanta gobara, kuma da wannan sunan za a kira ta, da ƙarfi, har sai babba ya zo. Ni da na yi karatun allo na san haruffan da ake rubuta wuta da su ba sa canzawa, ko ta girki ake nufi, ko ta waya, ko wadda muke neman tsari da ita a lahira. Na ɗauka wani tsantseni ne irin na tsofaffi. Muna yara mun koya, mun wuce wurin.

Da zamanin 'ya'yanmu ya zo, sai ta ƙara da gwaji. Takan tara su a tsakar gida ta ce, to ga shi labule ya kama, me za ku ce? Su kuwa yara sun samu abin wasa. Wata safiya suka haɗa baki suka kwarma kalmar gaba ɗaya. Kafin mu ankara maƙwabta sun cika soro da bokitai, wani dattijo ya fito ba hula, wata mata ta yar da tallan kokonta a lungu. Da aka gane gwaji ne, ran mutane ya ɓaci ƙwarai. Ni na bi gida-gida ina ba da haƙuri. Goggo ta ce ta ji, ba za a sake da ƙarfi ba, amma ta ji daɗi da ta ga sun zo da wuri.

Matar ƙanina ce ba ta haƙura ba. Mace ce mai addini da tsabta, mai gudun duk abin da zai jawo magana. Ita ce ta shigo da tukunyar gas gidan cikin kayan ɗakinta, abin da Goggo ke kira wutar da ba ta da toka, ta kuma yi mako tana zagaye ta daga nesa kafin ta yarda a koya mata inda ake rufewa. Babbar 'yarta sunan Goggo aka sa mata, muna ce mata Goggo Ƙarama, kuma tsohuwar ta fi matsa mata a kan kowa. Yarinyar ta fara firgita cikin barci tana faɗin kalmar. Uwar ta zo ta same ni a soro ta ce, Yaya, a yi wa Goggo magana. Ta ce a gidansu ba a ambaton masifa da sunanta, ko cuta ce sai a sakaya, balle a tara yara da sassafe suna kiranta kamar ana kiran baƙo. Ta ce wannan yi wa gida baki ne, ita kuwa tana tsoron ranar da abin zai amsa.

Ban iya ce mata ba ta da gaskiya ba, domin haka muka taso mu ma. Ba ma son mugun fata. Na ce ta bari in sami lokaci. Ban samu ba, sai maganar ta fashe da kanta.

Da la'asar ne, ina alwala a bakin rariya. Goggo ta kira takwararta ta ce ta faɗi abin da za ta ce in ta ga hayaƙi a kicin. Yarinyar ta dubi uwarta ta sunkuyar da kai. Ta ce Umma ta hana. Uwar ta ajiye tsintsiya ta durƙusa, cikin ladabi ta ce Goggo ta yi haƙuri, ta koya wa yarinyar duk abin da take so, amma ban da wannan kalma. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, ta ce wuta, ko ta ce a taimaka, ai kowa zai gane.

Sai Goggo ta sallami yaran waje, ta ce, "Babana, zo ka zauna kai ma. Ba zan faɗa sau biyu ba."

Ta ce lokacin tana Jakara, ba a daɗe da ja musu wayar lantarki a lungunsu ba. Abin sabo ne, kowa na ɗokinsa, kuma an ɗauke ta kwana da kwanaki, mata na ta jira saboda rediyo da fanka. Tana da yarinya guda, 'yar fari, wadda ta isa a aike ta cikin gida amma ba ta isa talla ba. Ba ta faɗi sunanta ba, kamar yadda uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Yarinyar nan kawai take cewa.

Ranar ta ɗora mai a kan risho za ta soya nama, sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce ta zo ta kama mata kitso, saura kaɗan. Ta rage wutar rishon, ta ce wa yarinyar ta zauna ta kore kaji, yanzu za ta dawo. Suna tsakar gidan maƙwabta, mata da yawa, ana hira, sai suka ji muryar yarinyar ta ƙetaro katanga tana cewa wuta, wuta.

"Sai matan suka yi shewa," in ji Goggo. "Wata ta tashi da gudu ta kunna rediyo. Ni da bakina na ce alhamdu lillahi, an kawo. Na ci gaba da kitsona."

Ta ce ta ji kiran ya sake zuwa, ta ce a ranta yarinyar nan akwai ɗoki. Sai da mai rediyon ta fito ta ce ai ba a kawo ba, sannan warin ya iso. Ta ce ba ta san yadda ta haye katangar ba. Yarinyar ta ga mai ya kama, ta yi abin da ta ga ana yi wa wuta, ta ɗebi ruwa a randa ta watsa. Goggo ta shiga ta rungumo ta, rigarta na ci, ta fito da ita. Yarinyar ba ta kai wayewar gari na biyu ba.

Sai ta zame mayafinta daga kafaɗa, abin da ban taɓa gani ta yi ba. Na kawar da kai, amma na riga na gani. Tabon ya hau daga wuyan hannu har kafaɗa, ya gangara baya.

"Ta kira ni," ta ce. "Ba ta yi shiru ba. Ta kira ni da kalmar da na koya mata, ni kuma na yi hamdala."

Ta ce malamai sun yi mata nasiha, sun ce wa'adi ne, kuma wanda ya tafi ta wannan hanya yana da babban rabo a wurin Allah. Ta ce ta yarda, ba ta taɓa jayayya da hukuncin Ubangiji ba. Amma tun daga ranar, duk lokacin da aka kawo wuta yaran unguwa suka ɗauki ihu, sai ta kasa kunne ta ji ko a cikinsu akwai wanda ba murna yake yi ba.

Matar ƙanina ta yi kuka sosai. Ta nemi gafara, Goggo ta ce ba ta yi mata komai ba. Sai dai zan faɗi gaskiya, tunda ta'aziyya ba wurin ƙawata labari ba ce: ba ta sauka daga ra'ayinta gaba ɗaya ba. Ta daina hana yarinyar a gaban Goggo, amma ita ba ta taɓa furta kalmar ba, kuma in yarinyar ta faɗa a ɗaki takan ce mata ta yi a'uziyya ta rufe baki. Haka Goggo Ƙarama ta taso da umarni biyu a kunnenta. Tsohuwar ta san da haka. Watanni kaɗan kafin rasuwarta ta ce mini, in ta tafi, ba ta san wanne zai rage a bakin yarinyar ba.

Wannan maganar ce ta yi ta dawo mini a kwanakin zaman makoki. Tun daren da aka binne ta aka ɗauke wuta a unguwar, ba a dawo da ita ba. Wayoyin mutane duk suka mutu, ga 'yan uwa na nesa suna neman yin gaisuwa. Kowa sai tambaya yake ko an kawo. Ba wanda ya bi ɗakuna da sanda. Ba wanda ya ja layi, tokar ranar Talata ma ƙafafun baƙi sun share ta. Na yi niyyar in shiga in duba soket-soket da kaina, amma gidan cike yake da matan mutane, namiji ba ya kutsawa, sai na aika a faɗa. Aka ce mini an ji.

Ranar sadakar uku aka yi waina da gumba tun da safe, aka yi addu'a, aka raba. Bayan azahar mata suka gaji, suka baje a rumfa da ɗakuna. Muna soro da sauran baƙi, sai fankar sama ta motsa.

Wanda ya zauna a cikin birni ya san abin da ke biyo baya. Lungu gaba ɗaya ya ɗauka, an kawo wuta, an kawo wuta, yara na tsalle, ƙofofi na bugawa. A cikin gidanmu ma haka, kowa ya zabura da waya da caja yana neman bango. Har wani baƙo a gefena ya ce alhamdu lillahi. Da na ji wannan hamdala sai na kasa miƙa tawa wayar. Na zauna ina sauraro, irin sauraron da ta ce tana yi.

An ɗan jima, hayaniyar ba ta kwanta ba, yara na ta wuta, wuta. Sai daga can cikin gida wata 'yar siririyar murya ta ratso, ba ta bin waƙar sauran.

"Gobara. Gobara. Umma, gobara."

Ban san lokacin da na tsallake mutane ba. Ƙanina ya riga ni, ya yi wajen mita ya zare fis. Da na isa, hayaƙi baƙi na fitowa ta ƙofar kicin. Wata baƙuwa ce, tun daren farko, ta jona hita a bokitin roba za ta dafa ruwan shayi, aka ɗauke wuta, ta bar shi a jone. Daga baya wata ta juye ruwan ta yi amfani da shi, ta mayar da hitar cikin busasshen bokiti. Da wutar ta dawo, robar ta narke ta kama, ta lasa ledojin da ke gefe, tana hawa buhun gawayi. Tukunyar gas tana nan kusa, tsakaninsu bai fi tsawon hannu ba.

Matar ƙanina, uwar Goggo Ƙarama, ita ce ta fara isa, domin ita ta fara ji. Daga baya ta gaya wa mai ɗakina cewa tana tsugune tana laluben soket, kalmar ta shige ta kamar an soka mata allura, ba ta tsaya tambayar ko me ake nufi ba. Na same ta ta ɗago baho cike da ruwa. Yarinyar ta riƙe mata zani tana nuna bayan ƙofa, tana cewa yashi, Goggo ta ce yashi. Ta saki bahon, ta jawo bokitin nan da muka sha yi wa dariya, ta juye. Ƙanina ya shigo ya fitar da tukunyar gas tsakar gida. Muka ƙarasa kashe sauran da jiƙaƙƙen buhu. Bango ya yi baƙi, kwanuka sun lalace, ba wanda ya ƙone.

Da hayaƙin ya lafa na dubi Goggo Ƙarama. Hawaye na zuba mata, amma tana tsaye a waje, yatsun ƙafarta daidai inda layin yake a da. Babu ko ɗigon toka a wurin. Hijabinta na rataye a ƙusa, ashe ta zo shiga ne ta ɗauko kofi, ta tsaya cirewa, ta ga hayaƙin.

Mata suka yi ta salati. Baƙuwar da ta bar hitar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, aka yi ta ba ta baki, don ba ta san dokar gidan ba, a gidansu ba a yi mata Goggo ba. Wata tsohuwa daga dangin Jakara, wadda ta san abin da ya faru a can tun tana budurwa, ta jawo yarinyar ta rungume.

Ba zan ce tsorona ya tafi ba. Har yanzu in fanka ta tsaya nakan tashi in bi ɗakuna, in an kawo kuma nakan kasa kunne. Yarinya ɗaya ce ta riƙe, kuma Allah ne ya sa tana kusa. Akwai waɗanda aka haifa ba su san muryar Goggo ba, akwai waɗanda za a haifa. Gidajen lungunmu a manne suke, bango ɗaya, azara ɗaya, motar kashe gobara ba ta shiga inda muke. Abin da ya kama a kicin ɗinmu ba namu kaɗai zai ci ba.

Amma washegari da na dawo daga masallaci, gari ya fara haske, na ga farin layi a bakin ƙofar kicin. Bai miƙe kamar nata ba, hannun bai saba ba. Matar ƙanina na zaune a kan kujera 'yar tsugune a gefensa, tafin hannunta duk toka, ta ɗora autan a cinya, wanda na ɗauke daga bakin murhu ranar jana'iza. Ba ta gan ni ba. Na ji ta yi a'uziyya a hankali, ta yi shiru kamar mai shirin haɗiye magani, sannan ta kai bakinta kunnen yaron.

"Ka ce go," ta ce. "Go, ba, ra."

Yaron bai iya magana ba tukuna. Ya kama leɓenta yana dariya. Ta sake yin a'uziyya, ta sake faɗa.

Na koma soro ban yi sallama ba, na zauna na ɗaga hannu. Ya Allah, baiwarka ta zo gare ka da tabo daga hannu har baya. Ta ƙare ranta tana tsaye tsakanin 'ya'yan mutane da wutar duniya. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya makwancinta, ka haɗa ta da yarinyar nan da ba ta taɓa kiran sunanta ba. Wutar da ta rage kuwa, wadda ba a kashe ta da yashi, ka ja wa Goggo layi tsakaninta da ita. Amin.